Alcaraz ko Sinner: wa ya cancanci zama na ɗaya a tanis a 2025?

Baban Zahra:
Salamu alaikum jama'a. Daren jiya Lahadi, 16 ga Nuwamba 2025, aka rufe gasar gwanaye takwas ta ATP, wato ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, a birnin Turin na Italiya. Jannik Sinner ya doke Carlos Alcaraz 7-6, 7-5 a gaban mutanen ƙasarsa, ya riƙe kofin da ya ci bara, kuma tun daga wasan farko har na ƙarshe ko turmi ɗaya (wato set, kashin da ake raba wasan tanis) ba a ci shi ba. Amma da aka fitar da jadawalin ƙarshen shekara, Alcaraz ne a sama da maki 12,050, Sinner yana biye da 11,500. Tazarar 550 ce kacal. Abin da ke cina a rai shi ne, wata uku cur Sinner ya yi a zaune an dakatar da shi saboda wani haramtaccen sinadari da aka samu a jikinsa, daga 9 ga Fabrairu zuwa 4 ga Mayu. Gasannin Indian Wells, Miami, Monte Carlo, Madrid, duk ba da shi aka yi ba, kowacce kuwa maki 1,000 take ba wanda ya cinye ta. A ce mutum ya rasa damar neman maki 4,000, a ƙarshe a fi shi da 550, sannan a ce ba shi ne gwanin shekara ba? Zuciyata ta ƙi karɓar wannan. Ina son in ji ta bakinku, musamman masoya Alcaraz.

Maman Safiyya:
Wa alaikumus salam Baban Zahra. Ga mu nan kuwa. Sau shida suka haɗu a bana, duk a wasan ƙarshe. Alcaraz ya ci a Roma, ya ci a Roland Garros, ya ci a Cincinnati, ya ci a US Open. Sinner ya ci a Wimbledon da Turin. Huɗu da biyu. Idan aka haɗa tun farkon haɗuwarsu, goma da shida ne. Ta yaya za a ce wanda aka fi kayarwa shi ne sarkin kokawa?

Baban Zahra:
Hajiya, na Cincinnati ai ba wasa ba ne. Yaron ba shi da lafiya, ana 5-0 ya ce ba zai iya ba, ya miƙa hannu. Kowa ya ga fuskarsa a ranar.

Maman Safiyya:
To cire shi. Uku da biyu. Har yanzu dai wa ke gaba?

Auta:
Don Allah yayyena a yi mini bayani, ban daɗe da fara kallon tanis ba. Yaya ake lissafin makin nan? Na ga mako biyu da suka wuce an ce Sinner ya koma na ɗaya, bayan mako guda kuma aka ce Alcaraz ne, alhali a tsakanin ba su buga wata gasa ba.

Injiniya:
Auta, abin ba wuya. Ba kamar gasar Firimiya ba ce da ake share allo a sake sabon lissafi kowace kaka. A tanis, makin da ka ci yana zaune a asusunka mako 52, idan shekara ta zagayo sai ya faɗi. Shi ya sa za ka ji ana cewa wane yana kare maki kaza a wannan makon, ma'ana abin da ya ci bara war haka zai zube, sai ya sake cin irinsa kafin ya tsaya inda yake. Manyan gasanni huɗu, wato na Ostareliya, Roland Garros, Wimbledon da US Open, wanda ya ɗauki kofi yana samun 2,000, wanda aka doke a wasan ƙarshe 1,300. Gasannin Masters guda tara ne, mai kofi 1,000, na biyu 650. Ƙasa da su akwai na 500 da na 250. Ta Turin kuma, idan ka cinye wasanninka biyar duka, 1,500.

Abin da ka gani kuwa shi ne: a Paris, Cameron Norrie ya fitar da Alcaraz a wasansa na farko, Sinner kuma ya ɗauki kofin ranar 2 ga Nuwamba, sai ya haura sama. Mako na zagayowa aka zare masa 1,500 ɗin da ya ci a Turin bara, sai ya sake komawa ƙasan Alcaraz. Alcaraz ya shiga Turin yana buƙatar ya ci wasanninsa uku na rukuni ko ya kai wasan ƙarshe. Ya doke De Minaur, ya doke Fritz da ƙyar, ya doke Musetti ranar Alhamis, magana ta ƙare tun kafin a zo Lahadi.

Auta:
Na gode Yaya, yanzu na gane. Ashe kamar adashi ne, kowane zubi da ranar fitarsa.

Injiniya:
Kusan haka. Bari kuma in dawo kan maganar Baban Zahra, don na zauna na rarraba makin ɗaya bayan ɗaya. A manyan gasanni huɗu Sinner ya tara 6,600, domin duka huɗun ya kai wasan ƙarshe, ya ci biyu. Alcaraz ya tara 5,700, saboda a Ostareliya Djokovic ya tsayar da shi a zagayen 'yan takwas, maki 400 ya tashi da shi. A Masters, Alcaraz 3,420, Sinner 2,350. A na 500, Alcaraz 1,930, Sinner 1,050. A Turin, Sinner 1,500, Alcaraz 1,000. Gasa 16 Alcaraz ya shiga masu ba da maki, Sinner 12. Idan ka raba, Sinner yana tashi da kusan 958 a kowace gasa, Alcaraz kusan 753. A watanni ukun dakatarwar, Alcaraz ya tara 1,840 tsakanin Doha, Indian Wells, Miami, Monte Carlo da Barcelona. Daga Roma, inda Sinner ya dawo, zuwa daren jiya: Sinner 9,500, Alcaraz 9,310.

Baban Zahra:
Allah ya saka da alheri Injiniya! Ga shi nan baƙi da fari. Duk lokacin da su biyun suke cikin fili, Sinner ne ya fi tara maki.

Injiniya:
Dakata Malam, ban gama ba. Akwai lissafi ɗaya da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Tsakanin mai kofi da wanda aka doke a Roland Garros maki 700 ne. Da Sinner ya ci wasan nan na 8 ga Yuni, da shi yana da 12,200, Alcaraz 11,350. Kuma sau uku a jere yana buƙatar ƙwallo ɗaya tak ya ɗaga kofin. Saboda haka, duk da wata ukun da ya rasa, matsayi na ɗaya ya zo har tafin hannunsa, a cikin fili ya kuɓuce masa. Ba a ofishin WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, aka raba gardamar nan ba, a kan jar ƙasar Paris aka raba ta.

Maman Safiyya:
Injiniya ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Wasan nan ba zan manta da shi ba har abada. Ranar Lahadi ce, kwana biyu bayan Babbar Sallah, muna tsakar gida ni da ƙannena mata muna ƙarasa suyar nama. Na jingina wayata a jikin turmin daka, hannuna duk mai, da gwiwar yatsa nake taɓa ta. Sinner ya ci turmin farko 6-4, ya ci na biyu, Alcaraz ya farfaɗo ya ci na uku. A na huɗu Sinner yana gaba 5-3, Alcaraz ne da sabis, wato bugun fara wasa, aka kai 0-40, saura ƙwallo ɗaya Sinner ya ɗaga kofi. Wallahi na riga na ajiye matsami na ce shi ke nan. Ƙanwata ta ce Yaya kashe wayar nan kada hawan jininki ya tashi. Ban kashe ba. Ƙwallo ta farko Sinner ya buga ta wuce layi, ta biyu ma haka, ta uku ta faɗa raga. Yaron nan ya cinye wannan, ya karya sabis ɗin Sinner, ya ci turmin. Aka kira Magariba na tashi na yi salla, na dawo suna nan suna yi. Awa 5 da minti 29. A bugun raba gardama na turmi na biyar kuwa, 10-2, kamar a lokacin ya shigo filin. Wanda ya tsaya a bakin rami irin haka bai faɗa ba, ni ban ga dalilin da za a ce matsayinsa kyauta aka ba shi ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da muhawara. Ni abin da ban gane ba shi ne yadda ake maganar dakatarwar nan kamar wani ciwo ne ya same shi ko haɗarin mota. Hukunci ne fa. Sau biyu aka gwada shi a Maris 2024 aka samu sinadarin clostebol a jikinsa. Na san bayanin da ya bayar: mai yi masa tausa ya yanke a yatsa, ya fesa wani magani da ake sayarwa a kantunan Italiya, ya yi masa tausa ba safar hannu, abin ya shiga jikinsa. Kotun farko ta ce ba shi da laifi, aka ƙwace makin Indian Wells da kuɗin gasar kawai. WADA ta ɗaukaka ƙara tana neman shekara ɗaya zuwa biyu, daga baya suka sasanta a kan wata uku. To ku dubi inda wata ukun suka faɗo: bayan ya ci kofin Ostareliya, kafin Roland Garros, ya dawo daidai gasar gidansu ta Roma. Ko babbar gasa ɗaya bai rasa ba. Simona Halep shekara huɗu aka fara yanke mata kafin a rage zuwa wata tara, kuma kafin a rage ɗin ta riga ta yi fiye da shekara ba ta wasa. Djokovic da kansa ya fito ya ce 'yan wasa da yawa suna ganin akwai fifiko a cikin lamarin. Idan hukunci bai rage wa mutum komai ba, me ya sa ake kiransa hukunci? Rasa matsayi na ɗaya shi ne kaɗai abin da ya biya.

Baban Zahra:
Ɗan uwa, ita WADA ɗin da kanta ta amince cewa bai yi niyyar maguɗi ba, kuma abin da aka samu bai ƙara masa wani kuzari ba. Sakacin ma'aikatansa aka ɗora masa. Ban ce kada a hukunta shi ba. Cewa na yi, idan ana neman wanda ya fi iya tanis a 2025, jadawalin bai ba da amsar gaskiya ba.

Ɗan Damagaram:
To ai nan muka rabu. Jadawali bai taɓa yin alkawarin faɗa maka wanda ya fi iyawa ba. Abin da ka girbe yake aunawa, ba abin da za ka iya girbewa da ka yi noma ba. Kuma wa ya ce da ya buga waɗancan huɗun zai iso Wimbledon da Turin da ƙarfin da ya iso da shi? Alcaraz a Barcelona ya ji ciwo, shi ya hana shi buga Madrid a ƙasarsu. A Tokyo ya murɗe idon sawu, ya haƙura da Shanghai. Wanda ke fita kullum shi ƙaya take soka.

Kawu Sale:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Wannan gardamar ta girmi yawancinku. Tun Agusta 1973 aka fara lissafin nan da kwamfuta, Ilie Nastase ɗan Romaniya ne na ɗaya na farko, kuma ba a daɗe ba aka fara ƙorafi. A 1977 Guillermo Vilas ɗan Ajantina ya ci Roland Garros, ya ci US Open, kofi 16 a shekara guda, amma Jimmy Connors aka rubuta na ɗaya a ƙarshen shekara, shi da bai ci babbar gasa ko ɗaya ba a shekarar. Vilas har ya bar wasa bai taɓa hawa saman jadawali ba. A 1998 Marcelo Rios ɗan Chile ya zama na ɗaya, kuma har ya yi ritaya bai ci babbar gasa ba. Patrick Rafter mako ɗaya tak ya yi a sama a 1999. Duk wannan yana cikin tarihi.

Irin wadda na fi so ita ce ta 2016. Djokovic ya ci Ostareliya da Roland Garros, a watan Yuni yana da maki 16,950, wanda ba a taɓa tarawa ba. Kowa ya ce an gama. Andy Murray ya ɗaura ɗamara, ya ci Wimbledon, ya bi gasanni ɗaya bayan ɗaya, Beijing, Shanghai, Vienna, Paris, ba hutu. Aka zo Landan, wasan ƙarshe na shekara, shi da Djokovic, wanda ya ci shi ne na ɗaya. Murray ya ci, wasa 24 a jere ke nan. Amma shekarar da ta biyo ƙugunsa ya lalace, bai sake komawa yadda yake ba. Duk lokacin da na ga yaran nan biyu suna tsallake wata gasa, Murray nake tunawa, kuma ba na ganin laifinsu.

Maman Safiyya:
Allah ya ƙara lafiya Kawu. To a naka ganin, bana wa ya cancanta?

Kawu Sale:
Alcaraz, 'yata, amma da ƙyar. Kofi takwas ya ci, a jar ƙasa, a ciyawa, a daɓe, har da rufaffen fili a Rotterdam. Wasa 71 ya ci, aka ci shi 9. Sinner kofi shida, ya ci 58 aka ci shi 6, kuma huɗu daga cikin shidan nan Alcaraz ne. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini. Mutum ya gagari duniya duka, sai mutum ɗaya. To wannan mutum ɗayan me za a kira shi?

Na Nole:
Ina ta karantawa ina jira a ambaci mai gidan. Mako 428 Novak Djokovic ya yi a matsayi na ɗaya. Federer 310, Sampras 286, Lendl 270, Connors 268, Nadal 209. Sau takwas yana rufe shekara a sama. Sinner da ake ta yabo mako 65 ya yi a jere, sai ɗaya na Nuwamban nan. Ku haɗa nasa da na Alcaraz, ba su kai kashi ɗaya cikin uku na Djokovic ba. Kuma tunda ana maganar wanda aka hana wasa, ku tuna 2022. An kore shi daga Ostareliya kan rigakafin korona, bai samu shiga Amurka ya buga US Open ba, ya ci Wimbledon amma a shekarar ba a ba da maki ba saboda an hana 'yan Rasha da Belarus shiga. Mutum ya ɗaga kofin Wimbledon, washegari ya faɗo na bakwai. A wannan shekarar ce Alcaraz ya zama na ɗaya yana da shekara 19. Sau biyu ke nan yana rufe shekara a sama, kuma duka biyun babban abokin hamayyarsa ba ya nan na wani lokaci. Ban ƙirƙira ba, ku duba.

Maman Safiyya:
Malam, wannan ba adalci ba ne. Shi ya hana Djokovic yin allura? Shi ya fesa wa Sinner magani? Kuma da suka haɗu da Djokovic a wasan ƙarshe na Wimbledon 2023 da 2024, wa ya ɗauki kofi?

Na Nole:
Wa ya ɗauki zinare a Olamfik ta Paris 2024, Hajiya? Yana da shekara 37, wata biyu bayan an yi masa aiki a gwiwa. Kuma ko maki ɗaya ba a bayarwa a Olamfik. A bana yana da 38, manyan gasanni huɗun duka ya kai wasan kusa da na ƙarshe, ya rufe shekara a na huɗu yana zaɓar gasannin da zai buga.

Injiniya:
Ba wanda ya isa ya taɓa tarihin Djokovic, amma maganar yau ta mutum biyu ce. Manyan kofuna takwas na 2024 da 2025, huɗu Sinner, huɗu Alcaraz, ba wanda ya ɗanɗana. Zverev da ke na uku yana da 5,160. Tazarar da ke tsakaninsa da Sinner, 6,340, ta fi duk makin da shi kansa yake da shi. Kuma kada a manta, a wata ukun da Sinner ba ya nan an buɗe wa Zverev da Alcaraz ƙofa su karɓi matsayin, duka biyun suka kasa. Zverev ya yi ta faɗuwa da wuri, Alcaraz kuma David Goffin ya fitar da shi a wasan farko a Miami. Sinner yana zaune a gida ya ci gaba da zama na ɗaya har Satumba.

Koci:
Ni ina koyar da yara tanis a Kano, kuma duk lokacin gasar Dala Hard Court za ka same ni a bakin fili, don haka ta fuskar wasa zan yi magana, ba ta lissafi ba. Sinner a kan layin baya yake tsayawa kamar an dasa shi, yana tarar ƙwallo tun tana tasowa, ba ya ba ka lokacin numfashi. Dama da hagu duk ƙarfinsu ɗaya. Ku lura da yadda yake zamewa da ƙafa a buɗe ko a kan daɓe, wannan gadon wasan zamiya a ƙanƙara ne da ya yi yana yaro a duwatsun arewacin Italiya. A rufaffen fili, inda ba iska ba rana, ƙwallo tana zuwa yadda ka zata, ba mai iya masa a yanzu. Shi ya sa Vienna, Paris da Turin ya share su a jere.

Alcaraz kuma kayan aikinsa sun fi yawa. Zai ɗaga maka ƙwallo sama da kafaɗa, ya yanko ta ƙasa-ƙasa, ya sakar maka 'yar gajera a bakin raga, ya rugo gaba. Matsalarsa a da ita ce hankalinsa yakan tafi yawo a tsakiyar wasa, ya zubar da turmi a banza. A US Open ta bana ban ga wannan ba ko kaɗan. Bai rasa turmi ba sai ɗaya, a wasan ƙarshe, kuma sabis ɗinsa da aka gyara masa a farkon shekara shi ya yi masa aiki. Bayan wasan Sinner da bakinsa ya ce an gane salonsa, dole ya sauya ko da zai jawo masa faɗuwa a wasu wasanni. Ya koma ya gyara nasa sabis ɗin. Daren jiya, a turmin farko, Alcaraz yana buƙatar ƙwallo ɗaya ya cinye turmin, Sinner ya ɓata sabis na farko, na biyun da kowa ke lallaɓawa sai ya sake shi da ƙarfi kamar na farko, ya nufi jikin Alcaraz. Na tashi tsaye a ɗaki ni kaɗai. Yau da yamma abin da na nuna wa yarana ke nan, sau biyar muna maimaita shi a waya kafin mu ɗauki raket.

Abin da nake so in ce, kowannensu shi ne kocin ɗan uwansa na gaskiya. A 2025 Ferrero ne kocin Alcaraz, Cahill da Vagnozzi kuma na Sinner, amma wanda ke tilasta musu gyara shi ne wanda ke tsallaken raga.

Auta:
Koci, to shi na ɗayan nan wane amfani yake da shi a fili? Ana ba shi sauƙin abokan karawa ne?

Koci:
Tsakanin na ɗaya da na biyu kusan babu bambanci, ƙanena. Ana ajiye ɗaya a saman jerin, ɗaya a ƙasa, ba za su haɗu ba sai a wasan ƙarshe. Wahalar tana kan na uku da na huɗu, su ne dole su bi ta kan ɗayansu kafin su kai ƙarshe, sannan su tarar da ɗayan. Amfaninsa suna ne, da kuɗin talla, da tarihi. Mutum 29 ne kawai suka taɓa hawa wurin tun 1973, kuma babu ɗan Afirka ko ɗaya. Mu a Najeriya, Nduka Odizor ne ya fi kowa nisa, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon 1983, ya kai na 52 a duniya.

Baban Zahra:
Na saurari kowa. Maganar Injiniya ta ƙwallo ukun nan na Paris ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na koma na sake kallonsu ɗazu. Ta biyun ce ta fi yi mini ciwo, sabis na biyu ne Alcaraz ya ba shi, irin wanda yake mayarwa ido rufe, ya buga ta wuce. Na yarda a nan ya saki abin da hannunsa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa daga Janairu zuwa Nuwamba ba wanda ya kai shi tsayuwa a kan mataki ɗaya. Gasa 12, ya kai wasan ƙarshe a 10.

Ɗan Damagaram:
Tunda ana "da a ce", a haɗa da Wimbledon. A zagaye na huɗu Grigor Dimitrov ya ci shi turmi biyu, yana wasan rayuwarsa, sai naman ƙirjinsa ya yage yana sabis, ya fita yana hawaye. Da ba haka ba, mai yiwuwa maki 200 Sinner zai tashi da shi a Landan maimakon 2,000. Sa'a ta ba shi a can, ta karɓe a Paris.

Baban Zahra:
Wannan ma gaskiya ne, na ji tausayin Dimitrov ranar. Amma bayan nan Sinner ya doke Shelton, ya doke Djokovic, ya doke Alcaraz da ya ci kofin sau biyu a jere, mako biyar kacal bayan abin da ya same shi a Paris. Wani da ya sha irin wannan kayen, sai ya yi shekara bai dawo daidai ba.

Maman Safiyya:
A nan kam ba ni da ja. Ranar Wimbledon na ji haushi, amma na girmama shi. Bai yi wani ihu ba, ya ɗaga hannu sama kawai, ya tsuguna ya dafa ciyawa.

Auta:
To yanzu a shekara mai zuwa wa ya fi dama?

Injiniya:
A Janairu nauyin yana kan Sinner. Yana kare 2,000 a Ostareliya, Alcaraz 400 kawai. Ko Sinner ya sake cin kofin, makinsa ba zai ƙaru ba, don haka da wuya ƙwarai a sauke Alcaraz a Melbourne. Amma daga Fabrairu zuwa farkon Mayu abin zai juye: Sinner ba shi da ko maki ɗaya da zai zube, duk abin da ya ci riba ce, Alcaraz kuwa yana kare 2,340 idan aka haɗa da Rotterdam. Daga Roma kuma Alcaraz yana da 1,000 da 2,000 a jere da zai kare. Ni a watan Afrilu nake sa ido.

Kawu Sale:
Ni kuwa ba jadawalin zan kalla ba a Janairu. Zuwa ƙarshen 2025, Alcaraz bai taɓa wuce zagayen 'yan takwas a Ostareliya ba, kuma ita kaɗai ta rage masa a cikin manyan huɗu. Sinner kuma Roland Garros ce ta rage masa. Idan Allah ya kai mu da rai da lafiya, ina son in ga wanda zai riga cika nasa.

Maman Safiyya:
Allah ya kai mu Kawu. Injiniya, wasannin Melbourne da ƙarfe nawa suke kamawa a nan? Bara duk na rasa na farko-farko.

Injiniya:
Awa goma suke gabanmu a Janairu, Hajiya. Wasannin rana suna farawa wajen ƙarfe ɗaya na dare a nan, na dare kuma wajen tara na safe. Wasan ƙarshe na maza ranar Lahadi ne, tara da rabi na safe agogon Najeriya da Nijar.